Babi na Biyar: Aboki, Littafi da Tambaya a Bakin Binuwai

Duk wanda ya zauna a Jimeta har shekara ta zagayo ya san cewa kogin Binuwai ba fuska ɗaya gare shi ba. A watannin Agusta da Satumba, sa'ad da ruwan duwatsun Kamaru ya gangaro ya haɗu da na Faro, in ka tsaya a kan gada sai ka ga kogi ya cika ya batse, ya yi jajir da laka, wani lokaci ma ya haura gonaki da gidaje, kamar yadda ya yi a 2012 da 2022 bayan an saki ruwan madatsar Lagdo. A zamanin da kuwa, wannan ɗan tsakanin ne kaɗai jiragen ruwan kamfanonin Turawa ke samun hawowa daga Lakwaja, su sauke gishiri da tufafi, su ɗebi gyaɗa da fatu, su yi hanzarin juyawa tun ruwa bai janye ya bar su a kan tudu ba. In kuma ka koma wurin a watan Afrilu, lokacin da zafin Yola ke hana mutum barci a ɗaki, sai ka tarar da filin farin rairayi, shanu na ratsawa, ruwan ya koma 'yar siririyar hanya a gefe guda. Baƙo zai ce kogi ya mutu. Manomi ba ya faɗin haka, domin ya san janyewar ruwa ita ke buɗe masa ƙasar da zai dasa masakwa, dawar nan da ake dasawa bayan damina ta ɗauke, wadda ke rayuwa da laimar da ta rage a cikin laka har ta nuna a tsakiyar rani.

Haka al'amarin mai bi yake, kuma Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana ba. Sura ta uku ta Littafin Mai Hadishi ta jera lokatai ashirin da takwas, biyu-biyu, kowanne da kishiyarsa, tun daga haihuwa da mutuwa har zuwa yaƙi da salama, kuma duk wanda ya karanta ta da natsuwa zai lura cewa babu inda aka yi wa mai tsoron Allah alkawarin rabin da ke da daɗi kawai. Ina faɗin wannan ne domin wani irin wa'azi da ya yawaita a lasifikokin garinmu, wanda a cikinsa kowace shekara ta buɗi ce, kowane wata na nasara ne, har ya zama wanda ya binne ɗa, ko ya gama jami'a ya shekara biyar ba aiki, ko ya ji addu'a ta bushe masa a baki, yana shiga sujada ranar Lahadi da kunya, kamar wanda ya aikata laifi. Wannan zalunci ne, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya. Mutumin da ke cikin ranin zuciya bai fita daga hannun Ubangiji ba, kuma abin da ya fi bukata a lokacin abu uku ne da ba sa rabuwa da juna: wanda zai zauna kusa da shi, abin da za su karanta tare, da izinin ya tambayi abin da ke damunsa ba tare da an zarge shi da raunin bangaskiya ba.

Tarihin ikilisiya a ƙasar nan da kansa da makoki ya fara. Likita Niels Brønnum, mutumin Danmak, ya sauka Numan a watan Oktoba na 1913 shi kaɗai, alhali kuwa da matarsa ya baro gida. Ta rasu a hanya, a bakin wannan kogi, bayan ta haihu, aka koma da jaririn Turai, shi kuma ya ci gaba da tafiya zuwa ƙasar Bacama, domin gwamnatin Ingila ba ta yarda a lokacin 'yan mishan su kafa aiki a cikin garuruwan sarakunan Musulmi irin Yola ba. Bayan shekara goma, a ranar 17 ga Maris 1923, Stover Kulp da Albert Helser, mutanen Amurka, suka yi sujadarsu ta fari a gindin wata tsamiya a Garkida, kuma ba a daɗe ba shi ma Kulp ya binne matarsa. Daga saukar Brønnum zuwa ranar da aka naɗa fastocin farko 'yan ƙasa, su biyar, a 1948, shekara talatin da biyar ke nan cur, wato tsawon rayuwar aikin mutum guda. Da a ce wani ya auna aikin a shekararsa ta goma da ma'aunin masu ƙirga kawuna na yau, da ya ce asara ce. Amma daga wannan jinkiri ne ikilisiyar Lutaran ta LCCN ta fito, wadda babban bishop ɗinta na lokacin, Musa Panti Filibus, aka zaɓe shi shugaban tarayyar Lutaran ta duniya a birnin Windhoek a 2017. Daga gindin tsamiyar nan kuma Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, ta tashi.

Abin da aka yi a cikin waɗannan shekaru masu tsawo, galibinsa karatu ne. Iyayenmu da kakanninmu ba su shiga baftisma da ɗaga hannu a taron dare ɗaya ba. Sai mutum ya zauna a aji, wani lokaci shekaru, yana koyon baƙi da wasali a hannun mai bishara wanda shi kansa bai fi shi da nisa sosai ba, bayan an taso daga gona, a hasken aci-balbal ko fitilar ƙwai, ana bin layi da yatsa, ana maimaitawa da ƙarfi. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya ba da ƙarfinsa a kai tare da abokan aikinsa, sai Bacama da Lunguda da Kilba da Margi da Bura da Camba, waɗanda ba sa jin harshen juna, suka sami littafi ɗaya da za su buɗe tare, da littafin waƙoƙi ɗaya da za su rera. Fassarar da aka sabunta a 1979 ita ce yawancinmu muka tashi da ita. Abin lura a nan shi ne, babu wanda ya koyi karatun nan shi kaɗai a ɗaki. Littafi ɗaya ya kan zagaya hannu goma. Wanda ya iya ya karanta, wanda bai iya ba ya saurara, sa'an nan a tsaya a ce, to, mene ne ma'anarsa? Matan Zumunta, waɗanda da yawansu ba su taɓa shiga makarantar boko ba, ta wannan hanya suka haddace surori, kuma har yau in ka ji tsohuwa tana addu'a a gidan rasuwa a Jambutu ko Luggere, za ka ji Zabura na fita daga bakinta kamar maganarta ce ta kullum.

Maƙwabtanmu Musulmi sun riga mu sanin wannan ladabi a garin nan, kuma babu aibu mu faɗa. Tun da Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841 garin ya zama matattarar malamai, irin su Modibbo Raji da ya zo daga ƙasar Gwandu a zamanin Lamiɗo Lawal, kuma tsarin karatun zaure bai sake ba: almajiri ya durƙusa gaban malami da Ahalari ko Iziyya ko Risala, ya ja baƙi, malam ya fassara ya yi sharhi, almajiri ya kawo abin da ya shige masa duhu, sauran da ke jiran nasu darasi kuma suna amfana da tambayar ɗan'uwansu. Ilimi a wurinsu amana ce da ake karɓa daga bakin mutum, shi ya sa suke kula da isnadi. Littafin Ayyukan Manzanni, a sura ta takwas, ya kawo mana kwatankwacin wannan: wani babban ma'ajin sarauniyar Habasha yana komawa gida daga Urushalima, yana karanta Annabi Ishaya a cikin karusarsa, ga muƙami ga dukiya ga littafi a hannu, amma bai ji nauyin bayyana wa Filibus mai bishara cewa bai gane ba sai da mai bayani, ya kuma matsa masa wuri ya zauna kusa da shi. Bishara ta kama hanyar Afirka a ranar nan ta wurin mutumin da ya yarda ya tambaya, da wani da ya yarda ya hau ya zauna.

Akwai wani ɗan Afirka da ya kamata mutanen Yola su san shi fiye da yadda suka sani, domin 'yan ɗarikar da ke ɗauke da sunansa ne, limamai daga ƙasar Ailan, suka kawo aikin Katolika Adamawa a 1940, har aka kafa diyosis ɗin Yola a 1962 da Patrick Dalton a matsayin bishop na fari. Agustin ke nan, wanda aka haifa a Tagaste, cikin ƙasar Aljeriya ta yau, a shekara ta 354, ya rasu yana bishop na Hippo a 430. A cikin littafin da ya rubuta na furta zunubansa da yabon Allah, ya ba da labarin wani abokinsa na ƙuruciya da zazzaɓi ya kashe, da yadda garinsu ya zame masa kurkuku bayan haka, har ya gudu zuwa Kartaj. Bai yi wa baƙin cikin ado ba, bai kuma ce ya wuce da sauri ba. Ya shekara tara cikin wata ƙungiya ta masu bin Mani, yana tara tambayoyi, ana ce masa ya jira zuwan babban malaminsu Faustus. Da Faustus ya zo sai ya kasa amsawa, amma ya yi gaskiya ya ce abin ya fi ƙarfinsa, kuma Agustin ya shaida cewa wannan tawali'u ya ƙara masa ganin girman mutumin, ko da yake ya raba shi da koyarwar. Ranar da zuciyarsa ta juya, a wani lambu a Milan a 386, wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa ce a gabansa, abokinsa Alipiyus kuma na zaune a gefe. Ya karanta ayarsa ya miƙa, Alipiyus ya karanta ta gaba ya ga tasa ce, aka yi musu baftisma tare a Ista ta shekarar da ta biyo. Littafin nan na Agustin kuwa, daga farko har ƙarshe, cike yake da tambayoyin da yake jefa wa Allah kai tsaye, kuma ikilisiya ba ta ce masa kafiri ba. Uba ta kira shi.

To, ina muka samo tsoron tambaya? Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma a majami'u da yawa matashin da ya ɗaga hannu a ajin nazarin Littafi ya ce, “Baba, in Allah mai iko duka ne, don me ya bari aka ƙone garinmu?” sai a yi tsit, dattijo ya gyara zama ya ce, “Ɗana, ka yi hankali da Shaiɗan,” a ja waƙa a rufe. Yaron ba zai sake tambaya a nan ba, amma tambayar ba ta mutu ba; wayarsa zai kai wa, inda dubban baƙi waɗanda ba su san sunansa ba, ba su kuma damu da ransa ba, ke jiransa da amsoshi shiryayyu. Ban ɗora wa dattijon laifi duka ba, domin sau da yawa shi ma ciwon ke cinsa, yana kuma ganin in ya ce bai sani ba girmansa ya zube. Amma malaman Malikiyya na alfahari da ruwayar cewa Imamu Malik, duk da zurfin iliminsa, ya kan amsa tambayoyi masu yawa da cewa bai sani ba, kuma wannan bai rage shi da komai ba. Mu da ke karanta labarin Yesu yana ɗan shekara goma sha biyu a Haikali, zaune a tsakiyar malamai yana sauraro yana tambaya, mu da muka ga bai kori Nikodimu da ya zo masa da dare ba, bai kuma fitar da Toma daga cikin almajirai ba sai dai ya nuna masa hannuwansa, mu ne ya fi cancanta mu iya cewa, “Ɗana, ni ma ban sani ba, zo gobe da yamma mu duba tare.”

Littafin Ayuba ya yi hukunci a kan wannan mas'ala, hukunci mai nauyi. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, da suka ji abin da ya same shi suka taso daga garuruwansu, suka zauna a ƙasa tare da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, kuma wannan shi ne mafi kyawun abin da suka yi a dukan littafin. Da suka buɗe baki sai suka shiga kare Allah da hujjoji, suna neman laifin da Ayuba ya ɓoye, domin ilimin da suka gada bai da gurbin adalin da ke shan wuya. Ayuba kuwa ya yi ta kuka yana tambaya, har da maganganun da in wani ya furta su a sujadarmu ta yau za a kira dattawa a zauna a kansa. Amma a ƙarshe masu ba da amsa aka tsawata wa, aka ce mai tambayar ne ya faɗi daidai, aka kuma umarce su su je ya yi musu addu'a.

Mutanen Yola da Jimeta sun ga Ayuba da idonsu a 2014. A watan Afrilu aka sace 'yan matan Cibok, waɗanda mafi yawansu 'ya'yan EYN ne. Kafin damina ta ƙare Madagali da Michika suka faɗa hannun Boko Haram, a ƙarshen Oktoba kuma Mubi da hedkwatar EYN da ke Kwarhi suka bi, jama'a suka kwararo kudu a ƙafa da bayan manyan motoci, har yawan mutanen birnin ya kusa ninkawa. Kaɗan ne daga cikinsu suka shiga sansanin gwamnati. Yawancinsu a gidajen mutane suka sauka, gidan ɗaki uku ya ɗauki mutum talatin ko fiye, wani ɗan'uwa ne, wani abokin makaranta ne da aka rabu shekara ashirin, wani kuwa abokin aboki ne kawai wanda ya zo da suna a baki. An ce zumunta a ƙafa take. A shekarar nan ta koma a tukunya da tabarma. Bishop Stephen Dami Mamza, wanda shi kansa mutumin Bazza ne a ƙasar Michika, ya buɗe harabar babbar majami'ar St. Theresa, dubban mutane suka kwana a ciki, ba a tambayi kowa addininsa a bakin ƙofa ba. Ƙungiyar zaman lafiya ta Adamawa, wadda aka kafa a 2012 a Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola, ta haɗa shi da Imam Dauda Bello da sauran shugabanni, suka yi ta rabon hatsi a majami'u da masallatai. Kuma dalilin da ya sa aikin ya yiwu shi ne sun riga sun saba da juna, sun ci abinci tare shekara biyu kafin masifa ta iso. Abota ba a ƙulla ta ranar gudu.

Da aka gina wa waɗanda suka kasa komawa gida gidaje tamanin da shida a Sangere-Margi, cikin ƙaramar hukumar Girei, aka buɗe su a 2021, bishop ya sa an gina majami'a da makaranta, ya kuma gina masallaci saboda Musulmin da ke cikinsu. Wasu Kirista sun yi gunaguni, kuma ba zan raina su ba, domin a cikinsu akwai waɗanda aka ƙone majami'unsu, akwai waɗanda ke tuna Rabaran Lawan Andimi na Michika, da aka kama aka kashe a watan Janairu na 2020. Ni dai ina ganin bishop ya yi daidai, domin wanda ka ba wa masauki shekara bakwai ba ka raba shi da wurin sallarsa ranar da ka ba shi mabuɗin gida. Amma tambayar masu gunagunin tambaya ce ta gaske, irin wadda EYN, da ta gaji koyarwar ƙin ɗaukar makami daga iyayenta, ta yi ta fama da ita a tarukan warkar da zuciya da ta shirya wa mutanenta: yaya ake gafarta wa wanda bai nemi gafara ba, kuma maƙwabcin da ya zauna a gari sa'ad da kai ka gudu, me za ka ce masa in kun haɗu a kasuwa? Irin wannan ba a rufe ta da aya ɗaya daga kan bagadi. Sai an zauna, mutum goma ko goma sha biyar, an buɗe Zabura ta makoki ko Littafin Habakuk, an bar gwauruwa ta faɗi nata har ta gama.

Akwai kuma wani lokaci na rayuwa da muke sakaci da shi, wato tsufa, kuma sakacin na jawo mana asarar da ba ta da gyara. Waɗanda suka koyi karatu a ajin baftisma a shekarun 1940 da 1950 saura kaɗan, suna zaune a bayan gidajen 'ya'yansu a Jimeta, ido ya yi rauni, Littafin da suka yi shekara sittin suna buɗewa ya gagare su gani, jikoki na wucewa da gaisuwa a tsaye. Tarihin ikilisiyar Lutaran da aka fi sani, Margaret Nissen ce ta buga shi da Turanci a 1968, kuma Allah ya saka mata; amma abin da baƙo ya gani daban, abin da ɗan gari ya ji a jikinsa daban. Ɗaliban makarantar tauhidi ta Brønnum da ke Mbamba, da matasan kowace ikilisiya, suna da abin naɗar murya a aljihunsu. Ya kamata kowannensu ya zaɓi tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya, ya riƙa zuwa da la'asar, ya karanta mata surar da take so da Hausar da ta saba, sa'an nan ya ajiye littafin ya tambaye ta: Kaka, wa ya fara koya miki baƙi, kuma a gindin wace itaciya? Me mahaifinki ya ce ranar da kika ƙi zuwa wurin tsafin gida? Da kika binne 'ya'yanki na fari, wa ya zo ya zauna da ke, kuma wata nawa kika yi kafin ki iya sake rera waƙa? A rubuta amsoshin da harshen da aka faɗe su, da sunan garin da shekarar, a ajiye kwafi ɗaya a majami'a, ɗaya kuma a hannun iyalinta.